Muhalli da Rubutun Gado: Abin da Dalma, Hayaƙi da Yunwa Ke Bari a Ƙwaƙwalwa

Wata magana tana yawo a kafafen sada zumunta, har ta fara shiga bakin masu tallar magunguna. Wai kimiyya ta gano muhalli yana canza DNA ɗin mutum, wai yunwa da firgicin da kaka ta sha suna sauka a ƙwaƙwalwar jikanta, wai kuma akwai garin maganin da ke "wanke ƙwayoyin gado" in an sha da zuma. A cikin zancen akwai gaskiya, akwai ƙarin gishiri, akwai ƙarya tsagwaronta. Ba za a iya rarrabe su ba sai an san abin da masu bincike suka auna, a jikin wa suka auna shi, da kuma inda awon ya tsaya.

Muhawarar kanta tsohuwa ce a wurin Bahaushe. Mai cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe yana bayan gado, mai cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai yana bayan muhalli. Fannin da ake magana a kai ya shiga tsakaninsu, domin yana nuna wata hanya da muhalli ke bi ya taɓa aikin gadon kansa.

Ma'anar kalmomin

Jikin ɗan Adam tarin ƙwayoyin halitta ne, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai siririn zare da ake kira DNA, wanda in an warware shi zai kai kusan mita 2. A jikin zaren akwai rubutu da haruffa huɗu kacal, A, C, G da T, kimanin biliyan 3 daga uwa, biliyan 3 daga uba. Sashen rubutun da ke ɗauke da umarnin haɗa wani sinadarin jiki shi ake kira ƙwayar gado, kuma mutum yana da kusan 20,000.

Idan harafi ya sauya, gado ya sauya. Sikila ce misalin da kowa ya sani: harafi ɗaya tak ya canza a ƙwayar gadon da ke haɗa jan sinadarin jini, kuma sakamakon wannan canji ne gwajin jini na kafin aure ke nema, gwajin da Jihar Kano ta wajabta da doka a 2024. Irin wannan sauyi yana bin zuriya, ba abincin da ke goge shi.

Sai dai rubutun da ke cikin ƙwayar hanta shi ne ke cikin ƙwayar ƙwaƙwalwa, harafi da harafi, ga shi kuwa aikinsu ya sha bamban. Bambancin yana fitowa daga wasu alamomi da jiki ke ɗorawa a kan rubutun, masu nuna sashen da za a karanta da wanda za a tsallake. Nazarin waɗannan alamomi shi ne efijenetik, sunan da masanin Ingila Conrad Waddington ya ƙirƙira a 1942, wato abin da ke bisa gado. Wanda ya yi makarantar allo zai gane abin nan da nan. Yaro yana fara babbaƙu, in ya shiga farfaru sai ya ga baƙaƙen dai su ne, wasalin da aka ɗora musu ne ke sauya furuci. DNA shi ne baƙaƙen, alamomin su ne wasulla.

Alamar da aka fi bincika ita ce metil, wani ɗan mitsitsin sinadari da ake liƙa wa harafin C, galibi inda G ke biye da shi. In metil ya taru a farkon ƙwayar gado, yawanci ƙwayar takan yi shiru. Jiki yana samun kayan haɗa metil daga abinci: folik asid da ke cikin ganyaye da wake, bitamin B12 da ke cikin nama da madara, da kolin da ke cikin ƙwai da hanta. Alama ta biyu tana kan histon, wasu dunƙulallun sinadarai da zaren ke nannaɗe a jikinsu. In nannaɗin ya tsuke, rubutun ba ya karantuwa, in ya sassauta sai ya buɗe. Don haka mai cewa muhalli yana "canza DNA" a wannan babi ya kuskure lafazi. Haruffan suna nan, karatunsu ne ke sauyawa.

Me ya sa ƙwaƙwalwa ta fi jan hankali

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Mafi yawansu an gama halittarsu kafin haihuwa, kuma ba sa sake rabuwa. Fata tana sabuntawa, jini yana sabuntawa, amma ƙwayar jijiyar da jariri ya zo da ita, da ita zai tsufa. Alamar da ta zauna a kanta da wuri tana iya daɗewa. Kafin yaro ya cika shekara 6 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba, kuma wani bincike na Cibiyar Salk da ke Amurka a 2013 ya nuna tsarin metil a gaban ƙwaƙwalwa yana sauyawa sosai daga haihuwa zuwa balaga, daidai lokacin da jijiyoyin ke ƙulla hanyoyi tsakaninsu.

Hujja mafi ƙarfi kan muhimmancin alamomin ta zo daga wata cuta mai suna Rett, wadda ta fi kama 'yan mata. Yarinya takan taso lafiya wata 6 zuwa 18, sannan ta fara rasa magana da sarrafa hannu. A 1999 tawagar Huda Zoghbi, likita 'yar asalin Labanan da ke aiki a Amurka, ta gano matsalar tana cikin sinadarin da aikinsa shi ne karanta alamar metil. Alamomin suna wurinsu, mai karanta su ne ya lalace, kuma hakan kaɗai ya isa ya tsayar da bunƙasar ƙwaƙwalwa.

Abin da ake shaƙa da abin da ake haɗiya

Kalmar muhalli tana da faɗi, gara a kawo ta ƙasa. A Ƙofar Kabuga, ƙofar yamma da sojojin Ingila suka kutsa birnin Kano ta cikinta a 1903, yau motoci ne ke tururuwa, masu nufar titin Gwarzo da harabobin Jami'ar Bayero. Da la'asar sakaliya adaidaita sahu kan yi cincirindo a bakin gadar ƙasa, inji na kunne, hayaƙi na tashi daidai tsayin yaron da ke tallar ruwan leda. A gefe ga mai cajin batir ya jera batura, farin gishiri ya daskare a kawunansu, ga mai walda, ga janareta na ruri a ƙofar shago, ga mai ƙosai tana fifita wutar icce da goyo a bayanta. Da hunturu kuma sai ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi ta lulluɓe komai.

Abin da ya fi haɗari a hayaƙin shi ne ɓurɓushin da faɗinsa bai kai maikromita 2.5 ba, alhali silin gashi yana kai kusan 70. Yana wucewa can cikin huhu, ya tayar da kumburi a jiki. A Boston ta Amurka, a 2009, an auna jinin tsofaffin maza sama da 700, aka ga metil yana raguwa a wasu sassan DNA cikin 'yan kwanaki bayan baƙin hayaƙin motoci ya ƙaru a iska. A jini aka ga wannan, kuma za a dawo kan muhimmancin hakan.

Dalma ta fi hayaƙi ɓoyuwa. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma a farkon 2006, amma dalma ba ta ruɓewa, wadda ta sauka a ƙasar bakin titi tana nan. Tana cikin batirin mota, tana cikin wasu fenti, kuma wani bincike a Kamaru a 2014 ya nuna tukwanen da ake narkawa daga tarkacen ƙarfe suna iya zubar da ita cikin abinci. Akwai ta a wata farar ƙasar da masu ciki ke ci. Sai kwalli. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata 6, ɗan asalin Najeriya, da aka samu dalma ta hau a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Kwalli ado ne, sunna ce kuma a wurin masu sa shi, ba wanda ke jayayya da wannan. Matsalar ita ce dutsen da ake niƙawa a sayar da sunansa sau da yawa dutsen dalma ne, kuma ido ba ya bambance su. Jariri yana murza ido, ya kai hannu baki. Yaro ƙarami yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na babba, kuma ƙarancin jini da ƙarancin sinadarin ƙashi, wato kalsiyam, suna ƙara tsotsewar.

Darasin Zamfara

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sa ido kan sanƙarau a Zamfara suka tarar yara na jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Farashin zinare ya tashi a lokacin, mutane suna kawo dutsen haƙa cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dutsen cike yake da dalma. A ƙauyuka biyu da aka fara bincikawa, yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda. Kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka auna suna da dalma maikrogiram 45 ko fiye a kowace desilita ta jini, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa daga 5 ya kamata a fara neman tushen gubar, kuma babu adadin da ta ɗauka marar illa. Yaran da suka mutu sun haura 400. Sunayen Dareta, Yargalma, Abare da Bagega sun shiga littattafan likitanci. Bagega, mafi girma a cikinsu, sai a 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. A 2015 abin ya maimaitu a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Illar dalma ga ƙwaƙwalwar yaro ba ta jiran hujjar efijenetik. An daɗe da tabbatar da cewa tana rage kaifin basira, tana kawo rashin natsuwa. Tana yin haka ne musamman ta hanyar shiga gurbin kalsiyam a mahaɗar jijiyoyi. Tambayar da efijenetik ke ƙoƙarin amsawa daban ce: me ya sa illar ke daɗewa bayan dalmar ta bar jini? A wani gwaji da aka wallafa a 2001, an ba wasu yara a Amurka, daga cikin 780 da aka tara, maganin da ke zuƙe dalma daga jini, irin wanda daga baya ya ceci rayuka a Zamfara. Dalmar ta ragu, amma makin gwajin basirarsu bai fi na waɗanda ba su sha ba. Maganin yana hana mutuwa idan gubar ta yi yawa, ba ya mayar da abin da aka rasa.

Tawagar Nasser Zawia ta Jami'ar Rhode Island ta ba da wani ɓangare na amsar a 2008. Sun duba ƙwaƙwalwar birai da aka ba dalma kaɗan a kwanaki 400 na farkon rayuwarsu, bayan sun kai shekara 23. Dalmar ta daɗe da barin jininsu, amma ƙwayoyin gadon da ke da alaƙa da cutar mantuwa ta Alzheimer suna aiki fiye da kima, sinadarin da ke liƙa metil kuma ya yi rauni. Biran kaɗan ne, sakamakon manuniya ce kawai. A mutane, binciken birnin Meziko na 2009 ya nuna matan da ke da dalma da yawa a ƙashi sun haifi jarirai masu ƙarancin metil a jinin cibiya.

Yunwa, damina da reno

A hunturun 1944 zuwa 1945, takunkumin sojojin Jamus ya jefa yammacin Holan cikin yunwa, kimanin mutum 20,000 suka mutu. Saboda asibitocinsu sun ajiye bayanai, an iya bin sawun waɗanda aka ɗauki cikinsu a lokacin. Haɗarin taɓin hankali mai suna sikizofireniya ya kusan ninkawa a cikinsu, kuma an ga irin haka bayan yunwar Sin ta 1959 zuwa 1961. A 2008, bayan shekara 60, aka auna jininsu aka ga metil ɗin wata ƙwayar gado mai kula da girma, IGF2, ya gaza na 'yan uwansu uwa ɗaya uba ɗaya da kusan kashi 5 cikin 100. Waɗanda yunwar ta same su a ƙarshen ciki ba su nuna wannan bambanci ba. Kwanakin farko ne suka fi tasiri, lokacin da mace ba ta ma san tana da juna biyu ba.

Binciken da ya fi kusa da rayuwar ƙasar Hausa an yi shi a Keneba ta Gambiya, wurin manoma masu dogaro da ruwan sama, inda rumbu ke yin ƙasa da damina kafin kaka ta zo. Rahoton 2014 ya nuna jariran da aka ɗauki cikinsu da damina sun fi na rani metil a wasu ƙwayoyin gado. Wanda ya ɗauka yunwa kullum rage metil take yi zai yi mamaki. Amma wasu daga cikin sinadaran haɗa metil sun fi yawa a jinin matan da damina, abin da ake dangantawa da yawan cin ganye a lokacin. Ke nan ba yawan tuwo kaɗai ake dubawa ba, har da abin da ke cikin miya. Zogale, rama da alayyahu, da ƙwayar folik asid da ake bayarwa wurin awon ciki, suna da gurbi a wannan lissafi, ko da yake amfanin folik asid da aka tabbatar shi ne kare jariri daga nakasar ƙashin baya da ƙwaƙwalwa.

Muhalli bai tsaya ga abin da ake ci ko shaƙa ba. A Jami'ar McGill ta Kanada, Michael Meaney da Moshe Szyf suka nuna a 2004 cewa 'ya'yan ɓeraye da uwarsu ke yawan lasarsu a makon farko suna tasowa da ƙarancin metil a kan ƙwayar gadon da ke kwantar da sinadarin firgici, a sashen ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfas, mai kula da tunawa. Da aka musanya 'ya'yan, alamar ta bi uwar da ta yi reno, ba wadda ta haifa ba. A 2009 aka duba ƙwaƙwalwar mamata 36 a Kubek, aka samu irin wannan alama ta fi yawa a waɗanda aka ci zarafinsu suna yara. Ga yankin da dubban yara suka taso cikin gudun hijira daga hare-haren 'yan bindiga a Zamfara, Katsina da Sakkwato, wannan ba labarin ɓeraye kaɗai ba ne. Ba kuma dalilin ɗora wa uwa laifi ba ne. Wadda ta kwana a daji da goyo ba ita ta zaɓi firgicin ba.

Inda masana suka saɓa

Saɓani na farko kan wurin awo ne. Ba a yanko ƙwaƙwalwar mai rai don bincike, shi ya sa yawancin awon mutane a jini ko miyau ake yi, alhali alamomin kowace gaɓa nata ne. Abin da aka gani a jini yana iya dacewa da na ƙwaƙwalwa, yana iya saɓawa. Na biyu, ko alamar ce ke haddasa ciwo, ko kuwa sawu ce kawai da gubar ta bari? Masu shan taba suna da wata alama a ƙwayar gado mai suna AHRR, tabbatacciya har ana gane mashayi da ita, amma gane mashayi daban, tabbatar da cewa ita ke jawo cuta daban. Sannan bambance-bambancen da ake samu ƙanana ne, kuma talauci yana haɗa komai wuri ɗaya: gidan da ke kusa da hayaƙi shi ne sau da yawa gidan da abinci ya yi ƙaranci, da wuya a ware tasirin kowanne.

Saɓani mafi zafi shi ne na gadar da alamomin. Masu goyon baya suna kafa hujja da gwajin Jami'ar Emory na 2014, inda aka koya wa ɓeraye tsoron wani ƙamshi, 'ya'yansu da jikokinsu suka taso suna zabura da shi, da kuma binciken Rachel Yehuda a New York kan Yahudawa 32 da suka tsira daga kisan ƙare dangi na Nazi da 'ya'yansu. Masu suka suna cewa adadin ya yi kaɗan, kuma jikin dabba mai shayarwa yana share mafi yawan alamomin sau biyu, lokacin haɗa ƙwayoyin haihuwa da kuma bayan shigar ciki. Akwai kuma wata hujja mai sauƙi: ƙwayayen haihuwar 'ya mace suna samuwa tun tana cikin mahaifiyarta. Guba da ta shiga jikin mai ciki ta taɓa ita, da 'yar da ke ciki, da ƙwan da zai zama jika, duka a lokaci guda. Binciken Detroit na 2015 da ya ga sawun dalmar kaka a jinin jika, a iyalai 35, yana iya zama irin wannan. In aka auna hujjojin, masu taka-tsantsan sun fi rinjaye: tasirin muhalli kan alamomin mutum shi kansa ya tabbata, wucewarsu zuriya bayan zuriya a ɗan Adam bai tabbata ba.

Abin da zai iya biyo baya

Akwai magungunan da ke cire metil, kamar azasitidin da Amurka ta amince da shi a 2004, amma na wasu cututtukan sankarar jini ne, masu ƙarfi, ba sa zaɓen ƙwayar gadon da za su taɓa. Babu garin magani ko ƙwayar ƙarin kuzari da aka tabbatar tana gyara alamomin ƙwaƙwalwa. Abin da aka gani yana gyaruwa shi ne abin da aka cire wa tushe: yawancin alamomin taba suna komawa daidai cikin shekaru bayan an daina, ko da yake wasu kan kai shekara 30.

Haɗari na biyu na zamantakewa ne. A al'ummar da ake bincika asali kafin a ba da aure, rashin fahimtar wannan fanni na iya sa a yi wa mutanen wani ƙauye tambarin "lalataccen iri". Hujjojin da aka zayyana ba su goyi bayan haka ba; haruffan gadon yaran Bagega ba su bambanta da na kowa ba saboda dalma.

Akwai dai wata hanya ta zahiri da guba ke bi daga uwa zuwa ɗa, kuma ana iya auna ta. Dalmar jini tana raguwa da rabi cikin kimanin wata ɗaya, amma wadda ta shige ƙashi tana zama shekaru gommai, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na dalmar jikin babba a ƙashi da haƙora take. Idan mace ta ɗauki ciki, jikinta yana ɗebo kalsiyam daga ƙashinta don gina na jariri, dalmar ta biyo shi ta ratsa mahaifa. 'Yan matan da ke da shekara 3 ko 4 a Dareta da Bagega a 2010 yanzu sun kai shekarun aure da haihuwa. Wani gwaji a birnin Meziko, da aka wallafa a 2009 kan masu ciki 670, ya nuna ba su kalsiyam miligiram 1,200 a kullum ya rage dalmar jininsu da kusan kashi 11 cikin 100. Awon dalma a jini ba ya buƙatar fiye da ɗigo daga yatsa da ƙaramar na'ura, irin wadda aka yi aiki da ita a ƙauyukan Anka tun 2010, kuma ana iya haɗa shi da sauran gwaje-gwajen ranar awon ciki.